Balon da Muka Ɗinka wa Tsohuwa

Ku da kuke shigowa shagon nan ku miƙo mini takalmin balo, na ƙwallon ƙafa, ku ce, “Tonton, ɗan shafa mishi kol, yanzu zan dawo,” yau ku zauna ku ji. Kuna ganin aikin bai wuce a shafa kol, watau gam, a danne da ƙarfe ba. Ban ga laifinku ba, don takalman da kuke sawa yanzu abin da ya rage a yi musu ke nan. Amma an yi lokacin da takalmin balo fata ne, balon kansa fata ne, kuma da basilla da zare mutum yake ci, ya sha, ya aurar da 'ya'yansa.

Ni Isufu mutumin Damagaram ne, gidanmu gidan dukawa. Tun ina ƙarami nake riƙe wa mahaifina fata yana yanka. Da na zo Faransa ban yi niyyar sake taɓa fata ba, na ɗauke ta aikin tsofaffi. A Paris na fara, a kasuwar Rungis, ina ɗaukar kaya a ɓangaren nama, cikin sanyi kamar an kulle mutum a firiji. Ina nan har bayana ya riƙe, likita ya ce in na ci gaba zan ƙare a keken guragu. Alhaji Mamman, wani ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa a Lyon, shi ya ce in sauko, ba a rasa abin yi. Ya samo mini ɗaki a Minguettes, nan Vénissieux, da aikin shara a wani ma'ajin kaya.

Aikin farko da na yi a shagon nan takalmina ne. Wata Juma'a ƙasansa ya ɓare, ba ni da wani, na shigo. Na tarar da wani gajeren Bature mai ƙaton gashin baki, zaune a tsakiyar tulin takalman balo, duk laka ta bushe a jikinsu. Faransancinsa ya fi nawa karyewa. Ya ce ba shi da lokacina sai Litinin, Lahadi akwai wasa. Na ce to ya ara mini basilla da zare. Ya dube ni sama da ƙasa, ya turo mini su da ƙafa. Na zauna a kan wannan kujerar da kuke gani na ɗinke abina. Da na gama ya karɓa, ya ja ɗinkin da babban yatsa, bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Sai ya zaro takalmi ɗaya daga tulin ya jefo mini a cinya. Kafin magariba mun ga bayan tulin nan. Ya ce gobe in dawo, ban sake komawa shara ba.

Sunansa Risto. Na kira shi Baba, kamar yadda tarbiyya ta koya mini, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a harshensu baba kaka ce mace, in kira shi Maistor, watau gwanin da ake koyon aiki a hannunsa. Ƙasarsu Makedoniya, ban taɓa jin sunanta ba sai a bakinsa.

Na zo da girman kai na ɗan gado, sai na ga ashe sabon karatu zan fara. Fatarmu ta gida ta akuya ce, mai laushi, ado ake nema da ita. Nan ƙirgin sa ne, kuma ruwa da laka da duka zai sha. Ɗinkin da zai yi shekaru a jikin jaka, a takalmin balo ko wasa biyu ba zai kai ba. Maistor ya hana ni sayen zaren kanti. Na lilin muke murzawa da kanmu a cinya, mu goge shi da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro da yake dafawa a gwangwani, har zaren ya yi tauri, ruwa ba ya shigarsa. Ga ƙafar ƙarfe da ake kifa takalmi a kai, ga guduma mai faɗin baki, ga wuƙa mai kama da jinjirin wata, ga basilla iri-iri, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya. Abu ɗaya muka yi rigima a kai. Shi ba ya aiki da allura, gashin bayan aladen daji yake maƙalawa a bakin zare, don yana lanƙwasa ya bi rami inda ƙarfe ba ya bi. Na ce ni ba zan taɓa ba, balle in sa a baki kamar yadda yake yi. Ya yi ta gunaguni yana cewa zan ɓata mishi aiki. Bayan 'yan kwanaki ya shigo da siririyar igiyar kamun kifi ya ajiye a gabana. Da ita nake aiki har yau.

Takalmin Dragan ba na mantawa da shi. Ɗan gaba ne, mai ƙafar hagu, yana aiki a masana'antar manyan motoci. Ƙarfe ya faɗo mishi a ƙafar ya cire yatsu biyu. Da ya warke ya zo da takalminsa ya ce ƙafar na yawo a ciki, ba ya jin balo. Maistor ya sa shi ya taka cikin jiƙaƙƙen yumɓu, muka ga siffar abin da ya rage. Muka sassaƙa toshiyar kwalba daidai gurbin yatsun, muka lulluɓe ta da fata mai laushi, muka ɗinke a ciki, muka ƙara ƙirgi ta waje inda yake duka. Sau da yawa yana dawowa, a rage nan, a ƙara can. Mutumin nan ya ci gaba da wasa har furfura ta fito mishi. Irin mutanen da ke shigowa ke nan: ma'aikata, 'yan Makedoniya da Larabawan Aljeriya da 'yan Fotugal, waɗanda takalmi ɗaya suke saye su yi shekaru da shi. Da ganin inda takalmi ya ci, mun san na wane ne, mun san kuma ko gwiwarsa ta fara ciwo tun bai faɗa ba.

Balo kuwa shi ne gwajin mai sana'a. A juye ake ɗinka shi, cikinsa a waje. Ka huda ramuka daidai wa daida a gefen kowane yanki, ka matse biyu a tsakanin katako da gwiwoyinka, ka shigar da zare biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ka ja su tare har kafaɗunka su amsa. In ka ja wani wuri fiye da wani, balon zai fito kamar ƙwai, ya riƙa karkacewa a iska. In ya rage ɗan wuri kaɗan sai ka juyo shi ta nan, ka cusa robar iska, ka rufe sauran da lanƙwasasshiyar basilla, ba ka ganin abin da kake yi, yatsa ne idonka. Na ɓata fata da yawa kafin Maistor ya yarda a buga nawa a fili.

Wajen ɗinkin balo na ji labarin Tsohuwa, don aiki ne da hannu ke yi baki na zaune. Haka yake kiran kulob ɗin garinsu, garin masu noman taba a tsakanin duwatsu. Ya ce tun Turkawa na mulkinsu wani ɗalibi ya dawo daga karatu da balo guda, samari suka bi shi har ya yage, kuma ba inda za a sayo wani. Aka kai wa kakan Maistor, mai ɗinkin sirdi. Tsohon ya farke shi, ya shimfiɗa yankunan a kan ƙirgi ya fitar da irinsu, ya ɗinka, ya sa mafitsarar sa a ciki ya hura. A kan wannan balon ma'aikatan taba da 'yan makaranta suka kafa kulob, yana cikin na farko-farko a ƙasar. Matansu suka rina musu riguna ruwan busasshen ganyen taba, don shi ne rinin da ke da araha.

Daga nan, in ji shi, ba su sake hutawa ba. Turkawa suka tafi, Sabiyawa suka zo suka ce sunan kulob bai yi musu ba, aka canza. Yaƙi ya kawo Bulgeriyawa, su ma suka ce a canza. Kowane mai mulki ya zo sai ya ɗebi samarin ya sa musu kakin soja. Akwai wa da ƙane, ɗaya mai tsaron gida ɗaya ɗan gaba, da suka tsinci kansu a rundunoni biyu masu harbin juna, ba wanda ya dawo. Mahaifin Maistor shi ya gaji tsaron gidan. Bayan babban yaƙi sabuwar gwamnati ta ce ƙananan kulob duk su narke su zama ɗaya da sabon suna, filin kuma aka gina ma'ajin taba a kansa. Na tambaye shi me ya sa ake ce mata Tsohuwa. Ya ce sunayenta sun yi yawa, kuma kowanne ka ambata akwai zamanin da zai iya ja maka dukan 'yan sanda, shi ya sa mutanen gari suka bar su duka.

Da 'yan garin suka zo aiki Vénissieux, sai suka tayar da ita a nan. Suka yi rajista da sunanta na farko, suka ɗinka riguna masu launin taba, suna wasa ran Lahadi a wani fili mai laka bayan dogayen gidajen nan. Maistor bai taɓa buga balo ba, ƙafarsa ɗaya gajeriya ce. Bayan raga yake tsayawa da jakar kayan aiki, ni ina gefensa, in ƙusar takalmin wani ta fita ya rugo mu ɗaura mishi wata. In an tashi matansu su kawo wake a kaskon ƙasa, a ware mini nawa da ba a sa naman alade ba. A zamanina rabin 'yan wasan ma ba 'yan Makedoniya ba ne, har da wani ɗan Cadi mai jin Hausa. Maistor ya ce wanda duk ya sa rigar ɗan Tsohuwa ne.

Mummunar shekarar ba da hayaniya ta zo ba. Farko masana'antar da yawancinsu ke aiki ta rage mutane, wasu suka koma gida, wasu suka bi 'ya'yansu wasu garuruwa. Sai masu kula da filayen unguwa suka kwashe lakar suka shimfiɗa ciyawar roba, aka hana takalmi mai ƙusar ƙarfe. Kowa ya tafi babban kanti ya sayo na roba, wanda ƙasansa da samansa a narke aka haɗa su. Na tuna na farkon da aka kawo mana ya tsage. Maistor ya sa basilla, wurin ya ƙara yagewa kamar leda. Ya sake gwadawa a gefe, haka. Ya miƙa wa mai shi ya ce ya yi haƙuri. Ban taɓa ganin ya mayar da aiki ba sai ran nan. Balo kuma aka fara kawo su buhu-buhu daga waje, sabo ya fi gyara sauƙi. Sai mu buɗe shago mu wuni muna kallon taram, jirgin ƙasan cikin gari, na wucewa. Alhaji Mamman ya leƙo ya ba mu shawara mu sayi injin yankan makulli, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Muka saya. Maistor bai taɓa kunna shi ba, ni nake yi.

Ƙarshen shekarar aka kira taro aka ce kulob uku ba za su raba fili ɗaya ba, ga 'yan wasa sun yi kaɗan, sai dai a haɗe su a sa sunan unguwa. Jikokin waɗanda suka kafa Tsohuwa su suka fara ɗaga hannu, don su a nan aka haife su, sabon kulob kuma zai sami motar zuwa wasa. Maistor ya dawo daga taron ya ɗaura gyautonsa na aiki ya zauna. Abin da ya ce kawai shi ne, “An kashe ta a gaban babana, yau an kashe ta a gabana. Wannan karon ko soja babu.”

Aiki na ƙarshe da muka yi tare ba wanda ya kawo shi. Shekaru sun ɗan ja, Maistor ya lissafa a ransa cewa Tsohuwa ta kusa shekara ɗari. Ya ce zai ɗinka balo irin na kakansa, mai dogayen yankuna da baki da ake ɗaurewa da igiyar fata, a kai shi garinsu. Ya sha wuya kafin ya samo ƙirgin da ya gamsar da shi. Ya yanka da kansa, ya hana ni taɓawa, ya ce wannan nasa ne. Ya kai kusan rabi. Wata safiya ina yanka wa wata mata makulli na ji basilla ta faɗi ƙasa. Na juya na ga bakinsa ya karkace, hannunsa na dama na lilo. Na kira motar asibiti.

Ya rayu, amma ɓarin damansa ya mutu, Faransancin da ya yi shekaru yana tarawa kuma ya tafi gaba ɗaya, sai harshen uwarsa ya rage. Matarsa ta riga ta rasu, aka sa shi gidan kula da tsofaffi a Villeurbanne. Ni na ƙarasa balon, ina bin ramukan da ya huda. Na ɗauka na hau taram na kai mishi. Ya ɗora shi a cinya yana juyawa da hannun hagu, yana bin ɗinkin da yatsa, har ya tsaya daidai inda nasa ya ƙare nawa ya fara. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da bi har ya zagayo. Sai ya turo mini shi, ya nuna taga da haɓa. Na gane: a kai.

'Yarsa ɗaya ce, Bilyana, tana aiki a kantin magani a Paris. Na hau jirgin ƙasa da balon na same ta kusa da tasha. Ta ce kayanta sun yi yawa, kuma ita rabonta da garin tun tana yarinya, amma ta karɓa, ta ce da hutun zafi za ta je. Bayan hutun ta zo Lyon, ta biyo ta shagon nan kafin ta je wurin mahaifinta, ta zauna inda kuke zaune.

Ta ce ta je ofishin wasanni na garin. Wani saurayi mai ladabi ya duba a na'ura, duk sunan da ta faɗa bai samu ba. Ta je gidan ajiye kayan tarihi, matar wurin ta ce sabon balo ba kayan tarihi ba ne. Ma'ajin tabar da aka gina a kan filin shi ma an rushe shi, yanzu wurin ajiye motoci ne na wani babban kanti. A wurin shan kofi ta sami tsoho ɗaya da ya ce ya taɓa jin mahaifinsa na zancen Tsohuwa, bai san fiye da haka ba. Ranar da za ta taso ta ga samari na wasa a harabar wata makaranta, ta ba su balon. Suka buga shi na ɗan lokaci, har aka ci da shi. Ɗaya ya sa kai, ya dafe goshi ya ce wannan ai dutse ne. Suka koma wa nasu na roba, suka bar shi a jikin wayar shinge. Motarta na jira, ta bar shi nan.

Ta roƙe ni mu ce mishi an sa balon a akwatin gilashi a gidan magajin gari, da sunan kakansa a ƙasa. Na ce mata ita ce 'yarsa, ita ke jin harshensa, ni yanzu ba ni da bakin da zan yi mishi ƙarya ko gaskiya.

Muka same shi a kujera gefen taga. Ta durƙusa ta kama hannunsa ta faɗa mishi da fara'a, har tana nuna girman akwatin da hannu. Yana saurare fuskarsa na canzawa. Da ta gama ya fizge hannunsa, ya yi magana mai tsawo da rabin baki, yana dukan hannun kujerar. Na tambaye ta abin da ya ce. Ta ce, “Wai wa ya ce musu gawa ce ya aika? Balo ne. Don a buga shi ya ɗinka.”

Na matso na ce, “Maistor, an buga shi. Samari sun buga shi, har an ci.” Da Faransanci na faɗa, na maimaita da Hausa, duk ɗaya ne a wurinsa. Na miƙe na shuri iska da ƙafa don in nuna mishi. Ya zaci goyon bayansa nake yi cewa kamata ya yi a buga, ya gyaɗa mini kai, ya nuna ni da yatsa yana duban 'yarsa, kamar yana cewa ga wanda ya san abin da ake ciki. Na ce mata ta faɗa mishi gaskiya yanzu. Ta ce ba za ta iya ƙaryata kanta a gabansa yau ba, jininsa zai hau, in ta dawo wata mai zuwa za ta lallaɓa ta gaya mishi. Mai jinya ta shigo ta ce lokacin abincinsa ya yi.

Bai kai wata mai zuwa ba. A nan Vénissieux aka binne shi. Dragan ya zo da sanda, da wasu tsofaffi kaɗan, da Alhaji Mamman don ni. Daga sabon kulob ba wanda ya zo, ban ce sun ƙi ba, mai yiwuwa ba su ji ba.

Washegari na buɗe shago. Wani uba ya shigo da balon ɗansa, sabo fil, ƙusa ta huda shi, ya ce an gaya mishi nan ake gyara irinsu. Na karɓa na juya shi ina neman inda zan sa basilla. Na juya, na sake juyawa. Layukan da ke jikinsa zane ne kawai, da wuta aka manne shi, ko zare ɗaya babu. Na miƙa mishi abinsa na ce ya sayi wani. Ya ce to tunda ya riga ya zo, in yanka mishi makullin gareji.